X-Men: Yaushe ne tauraronsu ya fi haskawa?

A bayan littafin lissafi na wani ɗalibin aji biyu na babbar sakandare a Gusau muka ga zanen. Mutum ne gajere mai faɗin ƙirji, gashinsa ya miƙe gefe biyu kamar kunnuwan muzuru, ga farata uku masu kama da wuƙaƙe sun fito ta bayan kowane hannu. Ba sai an faɗa ba, Wolverine ne. Da shuɗin biro aka yi zanen, kuma an yi ƙoƙari. Da muka tambayi mai littafin inda ya san wannan jarumi, sai ya ce a fim ne, wanda aka tura masa a waya a shagon masu caji. Da muka ce masa ai fim ɗin jika ne, kakansa wani littafin labari cikin zane ne da aka fara bugawa tun 1963, sai ya yi dariya, ya ɗauka tsokanarsa muke yi.

Haka muka tarar a Tsafe, haka a Bungudu. Kusan duk ajin da muka leƙa akwai wanda ya san Wolverine da Magneto da Storm, akwai kuma musun da ba ya ƙarewa a kan wanda ya fi wani ƙarfi. To, mu yau wani musun muka kawo muku, wanda masu karanta waɗannan littattafai suka daɗe suna yi. Labarin da aka shafe sama da shekara 60 ana bugawa, ɗaruruwan marubuta da masu zane suka sa hannu a ciki, yaushe ne ya fi daɗi?

Masu kallon ƙwallo sun san irin wannan tambaya. An kafa Barcelona tun 1899, amma in zance ya tashi a gidan kallo, shekarun 2008 zuwa 2012 ake komawa, lokacin Guardiola da Xavi da Iniesta da Messi. In kuka tambayi iyayenku labarin Super Eagles, 1994 za su fara ambata. Masu bin Labarina ma kowa na da zangon da yake cewa daga shi aka gama. X-Men ma suna da nasu lokacin, kuma a wurinmu shi ne daga Disamban 1977 zuwa Maris na 1981, wato daga fitowa ta 108 zuwa ta 143. Abin da ya ba mu sha'awa shi ne, wannan lokaci bai zo ba sai bayan shekara 14 da farawa, bayan har an taɓa fid da rai da littafin gaba ɗaya.

Farkon da bai yi armashi ba

A watan Satumban 1963 kamfanin Marvel da ke birnin New York na Amurka ya fitar da littafin farko na X-Men. Stan Lee ne ya tsara labarin, Jack Kirby ya zana shi. Su biyun ba ƙananan mutane ba ne a wannan sana'a, don su suka ƙirƙiro Fantastic Four da Hulk da Avengers. Labarin makarantar kwana ne, sai dai ɗalibanta biyar ne rak. Shugaban makarantar, Farfesa Charles Xavier, a keken guragu yake zaune, amma yana iya karanta abin da ke zuciyar mutum. Ɗaliban kuwa da wata baiwa aka haife su, wadda ba ta bayyana sai sun fara tasawa. Cyclops wani jan haske mai rusa bango ke fita daga idanunsa, dole ya riƙa rufe su da tabarau na musamman. Iceman yana mayar da jikinsa ƙanƙara, Angel yana da fukafukai, Beast ƙarfi da tsalle, Jean Grey kuma tana ɗaga kaya da tunaninta ba tare da ta taɓa su ba. Mutanen gari suna tsoronsu, suna ƙyamarsu, amma aikin da malaminsu ya ɗora musu shi ne su kare waɗannan mutanen da ke jifansu.

Tunani ne mai kyau, amma littafin ya yi kwantai. A ganinmu dalilin a fili yake: ɗaliban biyar duk kamarsu ɗaya. Ƙasarsu ɗaya, kayan makarantarsu iri ɗaya, maganarsu ma kusan iri ɗaya. In ka rufe zanen da hannu ka karanta kalaman kawai, da ƙyar ka gane wa ke magana. Kafin ƙarshen 1966 Lee da Kirby duk sun bar littafin sun koma kan wasu ayyukan. A 1969 aka kawo wani gwanin zane, Neal Adams, ya yi abin a yaba, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. A watan Maris na 1970, a fitowa ta 66, aka daina rubuta sabon labari. Daga ta 67 zuwa ta 93 tsofaffin labaran aka riƙa sake bugawa da sabon bango. Kusan shekara biyar ɗumame ake sayar wa masu karatu.

Baƙi bakwai

A 1975 kamfanin ya sake gwadawa, kuma har da lissafin kasuwa a ciki, don ana ganin in aka tara jarumai daga ƙasashe daban-daban za a samu masu saye a ƙetare. Marubuci Len Wein da mai zane Dave Cockrum suka fitar da wani babban littafi mai suna Giant-Size X-Men a watan Mayu. A cikinsa wani tsibiri mai rai, Krakoa, ya kama tsofaffin ɗaliban ya riƙe, Cyclops kaɗai ya dawo. Sai Farfesa Xavier ya bazama duniya neman waɗanda za su ceto su.

A wani ƙauye na Jamus ya tarar da Nightcrawler, mai shuɗiyar fata da wutsiya, mutanen gari sun biyo shi da wuta za su kashe shi don sun ce aljani ne, alhali a duk ƙungiyar babu mai sanyin hali da riƙo da addini kamarsa. A Saiberiya ta Tarayyar Sobiyet ya samu Colossus, ɗan manoma da ke mayar da jikinsa ƙarfe, ranar da ya tare wata tarakta da ta ƙwace za ta take ƙanwarsa. Daga Kanada ya ɗauko Wolverine, sai Banshee ɗan Ayalan, daga Japan Sunfire, daga cikin ƙabilar Apache, 'yan asalin Amurka, Thunderbird. A Kenya kuma ya tarar da Storm, baƙar mace mai farin gashi da ke sarrafa iska da hadari, har mutanen yankin sun ɗauke ta abin bauta. Abin da Xavier ya gaya mata shi ne ita ba abin bauta ba ce, mutum ce kamar kowa da aka haifa da baiwa. Labarin ƙage ne, mun sani, ruwan sama na Mai sama ne, amma mun ji daɗin yadda labarin da kansa ya fara da sauke ta daga wannan matsayi.

Wanda ya taso da tatsuniya ba zai ga baƙon abu a nan ba. Muna da labaran abokan tafiya, wannan mai gani daga nesa, wannan mai ji, wancan maharbin da ba ya kuskure, su haɗu su ceto 'yar sarki, a ƙarshe a tambayi yara wa ya fi gwaninta a cikinsu. Bambancin shi ne, waɗannan baƙi bakwai ba sa jituwa. Sunfire ya ce shi ba yaron kowa ba ne, ya kama hanyar Japan tun a fitowa ta 94. Thunderbird, wanda kullum yake son nuna ya fi kowa, ya ƙi jin umarni, ya maƙale a jikin jirgin abokin gaba har jirgin ya tarwatse da shi a fitowa ta 95. Daga nan masu karatu suka gane cewa a wannan littafin jarumi yana iya mutuwa.

A daidai wannan lokaci Len Wein, da aiki ya yi masa yawa, ya miƙa rubutun ga wani matashi ɗan shekara 24, Chris Claremont, haifaffen Landan da ya girma a Amurka. Littafin ba na sahun gaba ba ne, sau ɗaya yake fitowa a wata biyu, babu wanda ya sa masa ido. Wannan ya ba Claremont sarari. Ya fara tambayar kansa abin da ba a cika tambaya ba: in ba faɗa ake yi ba, waɗannan mutane me suke yi? Wa ke kewar gida? Wa ke son wa? Wa ke tsoron me?

Dubi abin da ya yi da Storm. A fitowa ta 102, a 1976, ana tsakiyar faɗa a ƙarƙashin wani tsohon gini, sai wannan mata da ke kiran tsawa ta durƙushe tana makyarkyata, ta kasa taɓuka komai. Sai aka ba mu tarihinta. Sunanta Ororo, mahaifiyarta 'yar sarauta ce daga Kenya, mahaifinta Ba'amurke mai ɗaukar hoto. Tana ƙaramar yarinya a Alƙahira, lokacin yaƙi, jirgin sama ya faɗo a kan gidansu. Iyayenta suka rasu, ita kuma ta daɗe a danne ƙarƙashin ɓaraguzai. Ta girma marainiya tana yankan aljihu a titunan birnin, kuma tun daga ranar ba ta iya jure wuri mai ƙunci. Akwai 'yan ajinku da tashin hankali ya raba da garuruwansu, wasu da iyayensu, waɗanda ƙarar mashin da dare kan hana su barci har yau. Ba sai an yi musu bayanin Ororo ba.

Yadda ake haɗa littafi guda

Kafin mu shiga zancen shekarun da muka zaɓa, bari mu faɗi yadda ake aikin, don a nan sirrin yake. A tsarin Marvel na wancan lokaci, marubuci da mai zane sukan tattauna yadda labarin zai gudana. Mai zane ya je ya zana shafukan da fensir, shi zai yanke yawan gidajen zane a kowane shafi da abin da zai kasance a cikin kowane gida. Sannan a dawo wa marubuci da shafukan ya sa kalamai a bakin mutanen. Wani ya rubuta kalaman da hannu a cikin 'yan da'irorin magana, wani ya bi fensirin da baƙar tawada, wani ya sa launi, edita ya duba. Labarin wata guda a ƙarshen shekarun 1970 shafi 17 ne kacal.

Ke nan mai zane ba ɗan aike ba ne, rabin labarin a hannunsa yake. A Disamban 1977, a fitowa ta 108, aka kawo sabon mai zane, John Byrne, haifaffen Ingila da ya girma a Kanada, sa'an Claremont ne, duka a 1950 aka haife su. Terry Austin ke bin zanensa da tawada, mutum mai tsabtar hannu da ba ya barin ko ƙusa a jikin inji bai fito da ita ba. Tom Orzechowski ke rubuta yawancin kalaman, Glynis Wein ke sa yawancin launin. Byrne yana da sauri, don haka daga Agustan 1978 littafin ya koma fitowa kowane wata, kuma ba a jima ba aka fara rubuta sunansa a matsayin wanda ake tsara labarin tare da shi. A cikin fitowa 36 da muka ƙirga, guda ɗaya ce kawai wani ya zana a madadinsa.

Claremont da Byrne ba su cika shan inuwa ɗaya ba. Claremont mai son magana ne da shiga zuciyar mutane, yana iya cika shafi da tunanin mutum guda. Byrne yana son labari ya tafi kai tsaye, a ga abu da ido, kuma a kiyaye ƙa'idar da aka gindaya wa kowane jarumi. In aka bar Claremont shi kaɗai, surutu ya yi yawa. In aka bar Byrne shi kaɗai, a samu tsari amma a rasa ɗumi. Da aka haɗa su, kowa ya zama birkin ɗan'uwansa.

Wolverine da kuke zanawa a bayan littattafanku ma albarkacin wannan saɓani ya ci. Kafin zuwan Byrne ba shi ne ɗan gaban goshi ba, Cockrum ya fi son Nightcrawler, har an yi tunanin cire shi daga ƙungiyar. Byrne ya ce ba za a kori ɗan Kanada guda ɗaya tilo a gabansa ba, ya riƙa ba shi wuri a zane. A ƙarshen fitowa ta 132 an kama dukan 'yan ƙungiyar, an jefa Wolverine cikin magudanar ƙazanta ta ƙarƙashin gari, kowa ya ɗauka ya mutu. A gidan zane na ƙarshe sai ga shi ya ɗago daga cikin ruwan, kaya a yage, farata a waje, yana kallon sama. Wata guda masu karatu suka yi suna jiran abin da zai biyo baya. Daga wannan hoton ne ya tashi daga ɗan rakiya ya zama tauraro.

Hukuncin Jean Grey

Labarin da ya sa ake kiran wannan lokaci da suna shi ne wanda ya gudana daga fitowa ta 129 zuwa ta 137, a 1980, wanda aka fi sani da Dark Phoenix. An daɗe ana shuka shi. Tun a 1976 Jean Grey, ɗaya daga cikin ɗaliban farko, ta tuƙa wani kumbo ta cikin guguwar zafin rana don ta ceci abokanta. Kumbon ya faɗa ruwa kusa da New York, ita kuma ta fito da sabon suna, Phoenix, da ƙarfin da ya ninka na da ba iyaka. Shekara uku ana nuna mana tana jin daɗin wannan ƙarfi kaɗan-kaɗan, abokanta suna lura, suna kawar da kai don suna ƙaunarta.

Sai wani mayaudari mai suna Mastermind, ɗan wata ƙungiyar attajirai, ya riƙa shiga tunaninta yana nuna mata wata rayuwa ta ƙarya, har ya kwance duk wani ɗaurin da ta yi wa kanta. Da ta farga ta hukunta shi, amma abin da ya kwance ya riga ya kwance. Ta juya kan abokanta, ta tashi sararin samaniya, yunwa ta kama ta, ta haɗiye wani tauraro sukutum. Duniyar da ke zagaya wannan tauraro tana da mazauna biliyan biyar. Duka suka hallaka, a cikin 'yan gidajen zane kaɗan.

Abin da ya faru a ofishin Marvel bayan nan ya kai labarin kansa daɗi. Claremont da Byrne sun riga sun tsara ƙarshe, an ma zana shi: za a cire wa Jean ƙarfinta, ta koma gida tare da Cyclops da ke son ta. Babban editan kamfanin, Jim Shooter, ya ga shafukan ya ce sam. Wadda ta kashe rayuka biliyan biyar ba za a shafa mata kai a ce ta tafi gida ba. Marubutan suka ce ai ba a cikin hayyacinta ta yi ba. Ya ce waɗanda suka mutu fa? Mu a Zamfara wannan ba baƙuwar tambaya ba ce. Kun ji manya suna yin ta a rediyo da majalisa duk lokacin da zancen sulhu ya taso, kuma kun san ba ta da amsa mai sauƙi.

Cikin 'yan kwanaki aka sake ƙarshen. A fitowa ta 137, ta Satumban 1980, wata daular sararin samaniya ta zo kama Jean don a yi mata hukunci. Abokanta sun san ta yi laifin, sun kwana suna tunani kowa a ɗakinsa, kuma waɗannan shafuka na daren, inda babu ko naushi ɗaya, su ne muka fi so a duk littafin. Da safe suka yanke shawarar tsaya mata. Aka yi karon a duniyar wata, aka riƙa kayar da su ɗaya bayan ɗaya, har ya rage daga ita sai Cyclops. Da ta ji abin nan yana sake tasowa a cikinta, ta san in ya dawo wasu biliyoyin za su tafi, sai ta tsaya a gaban wani tsohon makami ta bari ya hallaka ta. Addininmu bai yarda mutum ya ɗauki ransa ba, kuma ba muna yaba wannan ba ne. Abin da muke nunawa shi ne, labarin ya ƙi yi wa mai karatu ƙarya cewa ɓarna irin wannan tana wucewa kyauta. Ƙarshen farko da aka ƙi, an buga shi daban a 1984, kuma yawancin waɗanda suka karanta biyun sun yarda cewa na biyun ya fi. Sau biyu aka mayar da wannan labari fim, a 2006 da 2019, duka biyun ba su kama ƙafar littafin ba, don fim na awa biyu ba ya iya ba ka shekara huɗun da masu karatu suka yi suna sabawa da Jean kafin a ɗauke ta.

Bayan jana'iza Cyclops ya bar makarantar, aka naɗa Storm shugabar ƙungiya. A 1980, baƙar mace 'yar Afirka tana ba Turawa maza umarni a ɗaya daga cikin littattafan da suka fi tashe a Amurka, ba ƙaramin abu ba ne.

Sa'arku a cikin ƙungiyar

A cikin wannan hargitsi aka shigo da wata yarinya, Kitty Pryde, 'yar shekara 13 da rabi daga wajen birnin Chicago. Ciwon kai ya dame ta, ta kwanta a ɗakinta da ke saman bene, ta buɗe ido ta gan ta a falon ƙasa. Ashe baiwarta ratsa bango ce. Ita ce idon mai karatu a cikin labarin: tana tsoron Nightcrawler saboda kamarsa, daga baya ta ji kunyar hakan, Storm kuma ta riƙe ta kamar ƙanwa.

Da ita aka yi labarin Days of Future Past a fitowa ta 141 da 142, farkon 1981. An nuna shekarar 2013, wadda a lokacin take can gaba, inda wasu manyan mutum-mutumin ƙarfe suka kashe yawancin masu baiwa, suka tsare sauran a sansani. Kitty ta lokacin, wadda ta manyanta, aka tura hankalinta baya cikin jikinta na yarinta don ta hana kisan wani sanata, kisan da ya jawo duk wannan bala'i. Abin lura, sanatan maƙiyinsu ne, amma dole su cece shi. Fitowa biyu kacal, amma daga cikinsu aka ciro fim ɗin 2014 da da yawanku kuka kalla.

Fitowa ta 143 kuwa ƙaramin labari ne. Kowa ya tafi hutu, an bar Kitty ita kaɗai a makaranta da dare, sai wani dodo ya shigo. Ratsa bango ba ya kashe dodo, don haka da gudu da dabara ta yi ta jan shi ɗaki-ɗaki har rumfar jirgi, ta kunna masa wutar injin jirgin. Duk wanda ya taɓa kwana a makarantar kwana bayan an watse zai ji wannan labari a jikinsa.

Shi ne na ƙarshe da Byrne ya zana. Ya sha faɗin abin da ya ƙure haƙurinsa. A shafin farko na fitowa ta 140 ya zana Colossus yana tumɓuke kututturen itace cikin sauƙi, kamar mai cire ciyawa, don a ga ƙarfinsa. Da littafin ya fito sai ya ga Claremont ya sa masa kalaman mai nishi da fama. Wanda ya taɓa sharar gona ya san bambancin. Ƙaramin abu ne, amma ya taru a kan irinsa da yawa. Byrne ya koma Fantastic Four, inda ya riƙa rubutawa da zanawa shi kaɗai.

Masu ja da mu

Ba kowa zai yarda da mu ba, kuma suna da hujja. Claremont ya ci gaba har 1991, shekara 16 ke nan, kuma ya yi manyan abubuwa bayan tafiyar Byrne. A fitowa ta 150 ya bayyana cewa Magneto ya tsira ne daga sansanin kisan Yahudawa na 'yan Nazi tun yana yaro, abin da ya mayar da shi daga mugu kawai zuwa mutumin da zalunci ya mayar azzalumi. Wasu sun fi son 1983, lokacin mai zane Paul Smith. Wasu kuma lokacin da Storm ta rasa baiwarta a 1984, amma duk da haka ta kayar da Cyclops a fitowa ta 201 ta riƙe shugabanci da wayo kawai. Wannan na ƙarshe ya kusa sa mu canza ra'ayi.

Abin da ya hana mu shi ne abin da nasara ta jawo. Da kuɗi suka fara shigowa, kamfanin ya riƙa buɗe sababbin littattafai a gefe, har ya zama sai ka sayi uku ko huɗu kafin ka gane labari guda. A 1986 kuma aka dawo da Jean Grey. Aka ce wai wadda ta mutu a duniyar wata ba ita ba ce, wata halitta ce da ta ari kamarta, ita ta gaskiyar tana kwance a ƙarƙashin ruwa duk tsawon lokacin. Claremont bai so haka ba. Daga ranar mutuwa ta yi araha a littafin, in jarumi ya faɗi sai mai karatu ya fara ƙirga watannin da zai yi kafin ya tashi.

A 1991 aka buɗe sabon X-Men da zanen Jim Lee. Fitowarsa ta farko an sayar da kwafi sama da miliyan 8, adadin da har yau babu littafin zane guda da ya kai. Bayan fitowa ta uku Claremont ya ajiye aikin saboda saɓani da editoci a kan wanda ke da ta cewa a labarin. Ku tambayi duk mai bin X-Men abin da ya faru a cikin wannan littafi mai miliyan 8, zai yi jim. Ku tambaye shi abin da ya faru a ta 137, zai gyara zama.

Na gida fa?

A shekarar da aka haɗa baƙi bakwai ɗin nan, 1975, aka fara buga wani littafin jarumi don kasuwar Najeriya mai suna Powerman, kuma ɗaya daga cikin masu zana shi, Dave Gibbons na Ingila, shi ne daga baya ya zana Watchmen da ya yi suna a duniya. Yayyenku sun san Supa Strikas, ƙungiyar ƙwallo ta cikin zane da ta faro daga Afirka ta Kudu. A Legas akwai kamfanin Comic Republic tun 2013, sannan Roye Okupe ya yi Malika, jarumar sarauniya da ya gina a kan tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau. X-Men kansu sun samu 'yar Najeriya, Idie Okonkwo, a 2010. A duk waɗanda muka lissafa babu wanda aka rubuta da Hausa, babu kuma wanda jarumansa suka taso a gindin dutsen Kwatarkwashi ko a kasuwar Tsafe.

Da muka koma kan ɗalibin nan na Gusau, mun tambaye shi ko yana da labarin da yake zanawa. Ya ce a'a, shi hoto ɗaya-ɗaya yake yi, bai iya ƙirƙirar labari ba, amma akwai wani a ajinsu da ke cika littafi da labarai, sai dai ko kaza bai iya zanawa ba, kuma ba su cika shiri ba don yaron ya faye gardama. Muka ce masa ya neme shi. Littafin rubutu mai falle 20 shafi 40 ne, ya isa fitowa biyu masu shafi 17 har da bango. Duk waɗanda suka gama ta farko, a Gusau ne ko Tsafe ko Bungudu, su kai wa malamin Hausa ko na zane ya duba, sannan a aiko mana mu gani.